Ciyaman Ya Tafi Duba Injuna

Talata, 26 ga Mayu 1998, bayan la'asar

Kwananmu huɗu a Guangzhou. Sai yau hankalina ya kwanta har na iya zama in yi rubutu.

Don kada in manta yadda abin ya fara: a watan Janairu masaƙar Alhaji Umar Faruƙ da ke Sharaɗa ta ɗauke ni ƙaramin jami'in kula da ma'aikata. Aikina na farko ke nan tun da na gama hidimar ƙasa. Abin da na karanta a jami'a shi ne dangantakar ma'aikata da masu kamfani. An turo ni nan ne in raka Baba Maidaji, babban makanikin sashen kaɗi, ya duba wasu injunan kaɗi da wata masaƙar gwamnatin Sin za ta sayar. Shi ne kuma shugaban reshen ƙungiyar ma'aikata a masaƙarmu. Kowa Ciyaman yake ce masa, ban da Alhaji, shi "makanikin nan" yake cewa.

Fasfon Baba da tikitinsa suna cikin jakata. Alhaji ya ce in riƙe, dattijo ne, kada ya yar. Wannan ne abu na farko da ya gaya mini. Na biyun ba zan rubuta ba.

Ta tagar otal ɗinmu a unguwar Xiaobei ina ganin gada a kan gada. Kekuna da babura suna kwarara a ƙarƙashi kamar rafin Jakara bayan an ɗauke ruwa. Akwai wani bene da ake ginawa, an naɗe shi da gora tun daga ƙasa har inda idona ya gaza, mutane suna hawa suna sauka a jikin gorar ba igiya. Na daɗe a tsaye. Baba ya ce, "Ofisa, rufe bakinka, nan ma akwai ƙuda."

Juma'a, 29 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Masallacin Huaisheng. Hasumiyarsa zagayayya ce, toka-toka, sumul, ba ado ko ɗaya. An ce ta haura shekara dubu. Ban ga abin da ya tabbatar da haka ba, amma da na ɗora tafina a bangon sai tsigar jikina ta tashi. Tsofaffin Sinawa da fararen huluna suka matsa mana a sahu. Da liman ya fara Fatiha, Baba ya sunkuyar da kai. Bayan an idar ya ce mini a hankali, "Ashe sun riga mu."

Baƙaƙen fata a masallacin ba mu kai goma ba. Ɗaya ya ji muna Hausa ya rungume mu: Osmanu, ɗan zangon Kumasi, mai sarin riguna a kasuwar Shisanhang. Daga Jakarta ya gudo makonni biyu da suka wuce, da aka fara ƙone shaguna. Yana da rediyo mai kama tashoshin nesa. Ya koya mana kalma uku: laoban, mai gida, xiexie, na gode, meiyou, babu. Ya ce ta ukun za mu fi ji.

Asabar, 30 ga Mayu, da hantsi

Tseren jiragen ruwa a kogi, dogaye masu kan dodo, maza kusan sittin a kowane, da mai ganga a tsakiya. Ganga ɗaya, hannu sittin su sauka tare. Ban taɓa ganin mutane sun zama abu ɗaya haka ba. Baba ya nuna mai gangar ya ce, "Ga ciyamansu can. Ba ya tuƙi, amma bari ya yi atishawa ka gani."

Na yi dariya. Daga baya na tuna abin da ke cikin jakata, na daina.

Talata, 2 ga Yuni, bayan magariba

Mun shiga masaƙar. Ba masaƙa ba ce, gari ne: asibitinta, makarantar yaranta, gidajen ma'aikata, har da wurin aski. Tafintarmu Madam Liang ta ce ma'aikata sun kai dubu huɗu, yawanci mata. Ɗakin kaɗin da aka kai mu ba ka ganin ƙarshensa. Mazarai dubbai suna juyawa a jere, audugar ta sauka a girar matan kamar furfura. Baba ya cire babbar riga ya shiga ƙarƙashin inji, sai ƙafafunsa nake gani. Da ya fito ya ce sun fi namu lafiya nesa ba kusa ba.

An kai mu gaisuwa wurin shugaban ƙungiyar ma'aikatansu. Ofishinsa yana manne da na manaja, butar shayinsa ma ta fi ta manaja girma. Baba ya ce a tambaye shi, idan ma'aikata suka yi fushi wa suke kai wa kuka. Madam Liang ta fassara. Mutumin ya yi dariya ya ƙara mana shayi. Baba ya ce da Hausa, "Wannan ba ciyaman ba ne, surukin manaja ne."

Maganar ciniki kuwa, laoban ya ce meiyou. Izini daga Beijing bai iso ba. Mu jira.

Juma'a, 5 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Alhaji ya bugo, a can hantsi ne. Na ɗauka a teburin masu karɓar baƙi, Baba yana sama. Ya ji daɗi da na ce izini bai iso ba. Ya ce kada mu yi gaggawa.

Zan rubuta abubuwa huɗu, kowane gaskiya ne.

Ranar talatin ga Yuni za a liƙa notis a ƙofar masaƙarmu, daga washegari mutum ɗari biyu da arba'in na sashen kaɗi ba za su sake shiga ba. Hujjar ita ce injunan Sin suna tafe, ba sa bukatar hannu da yawa. Yarjejeniyar masaƙa da ƙungiya ta ce ba a rage ma'aikata sai an nemi shugaban reshe an zauna da shi, in yana gari. Bizarmu ta wata uku ce.

Jera su kawai na yi. Ban haɗa su ba.

A watan Afrilu, ina ofis, wani jami'in gwamnatin tarayya ya ce wa Alhaji wannan ba zamanin ƙungiya ba ne, in an yi hayaniya akwai masu kaki da za su zo su tsaya a ƙofa. Gaskiya ya faɗa. Tun Agustan 1994 Doka ta 9 da ta 10 suka rushe shugabancin uwar ƙungiyar ƙwadago da na ma'aikatan mai, aka naɗa musu kantomomi. Na amsa tambaya a kansu a jarrabawar ƙarshe, na ci da kyau.

Lahadi, 7 ga Yuni, da safe

Baba ya sayo mini lici, wani ɗan itace mai jan ɓawo, ciki fari kamar ƙwayar ido. Ya ɓare mini da hannunsa. Da bai yi ba.

Talata, 9 ga Yuni, bayan asuba

Shugaban ƙasa ya rasu jiya. Osmanu ne ya buga mana ƙofa da rediyonsa a kunne.

Talata, da azahar

An ce har an binne shi a Kano. Sau uku muka saurari labarai, duka abu ɗaya. Baba ya yi salati, ya yi masa addu'a, sannan ya zauna a bakin gado yana kallon tafin hannunsa. Osmanu ya ce, "Ku 'yan Nijeriya, ko mutuwa ba ku yinta da sanarwa." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya bari.

Na leƙa taga. Kekuna suna ta wucewa. Mutumin da tun ina jami'a ba a ɗaga murya in za a ambace shi, ga gari mai mutum miliyoyi, ba wanda ya rage gudu.

Asabar, 13 ga Yuni, bayan isha'i

Mun ci Sifen uku da biyu a gasar ƙwallon ƙafa ta duniya. Masu otal sun tafa mana. Alhaji bai bugo ba tun ranar biyar ga wata.

Talata, 16 ga Yuni, da hantsi

Sabon shugaba ya ba da umarnin sakin wasu da ake tsare da su, ciki har da shugabannin ma'aikatan mai biyu. Na sa Osmanu ya juya tashar don in tabbatar. Haka ne. Amma ba a ce an soke ko doka ɗaya ba. Na saurara da kyau. Ba a ce ba.

Baba ya tashi. Ya ɗauko takalmansa ya goge su tas, ya ajiye a bakin ƙofa.

Jakata tana ƙarƙashin gado. Na duba, fasfon da tikitin suna nan.

Alhamis, 18 ga Yuni, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Madam Liang ta zo da sassafe ta ce izini ya iso, amma ba irin wanda muke jira ba. Gwamnatin tsakiya ta ce mazaran masaƙun gwamnati sun yi yawa, asara ake yi. Tun farkon shekara aka fara a Shanghai, sabuwar gwamnatin da aka kafa a Maris ta ƙara matsawa. Ba za a sayar wa kowa ba, na gida ko na waje. Farfasawa za a yi, a gaban jami'ai, don kada wani ya ɗauka ya sake kafa su a wani gari.

Mun je. Ɗakin kaɗin shiru, irin shirun da ke toshe kunne. Matan suna nan da tsummokara, suna goge injunan. Wata tana bin layinta da 'yar butar mai, tana ɗiga wa kowane mazari. Madam Liang ta ce tun tana 'yar shekara sha shida take kan wannan layin, uwarta ma a nan ta yi. Baba ya ce a tambaye ta, me ya sa take zuba wa abin da za a fasa mai. Matar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai ba laifinsa ba ne."

Aka jawo su tsakar fili. An ɗaura jan ƙyalle mai rubutu, ga mai ɗaukar hoto. Shugaban ƙungiyarsu, mai butar shayi, ya yi jawabi ya fara tafi, wasu suka taya shi. Sannan aka raba guduma, ma'aikatan da kansu. Bugun farko na ji shi a haƙorana. Mazarai suka watse a ƙasa kamar an zazzage buhun ƙusa, wani jami'i yana bi yana dubawa kada a bar mai rai. Matar nan ta karɓi tata gudumar. Ta buga sau ɗaya, da ƙarfi, daidai inda ya kamata, ta miƙa wa na kusa da ita, ta tafi ta tsaya a inuwa.

Suna da kalma: xiagang, sauka daga aiki. Sunanka yana nan a masaƙa, kai kana gida. Madam Liang ta ce ƙanwarta tana cikinsu. Ta faɗa kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Baba ya cire hularsa ya riƙe har aka gama.

Abin da ya ƙi barina shi ne nisan. Wani ya sa hannu a Beijing, mutumin da matar nan ba za ta taɓa gani ba, sai ga guduma a hannunta a Guangzhou. Na karanta irin wannan a littafi. A littafi ba a jin ƙarar.

Juma'a, 19 ga Yuni, da yamma

Ban gaya wa Alhaji ba.

Asabar, 20 ga Yuni, da yamma

Yau ma. In babu injuna babu hujjar notis, kuma babu hujjar zamanmu a nan. Ban san wanda zai fi fusata shi ba.

Litinin, 22 ga Yuni, bayan magariba

Alhaji ya bugo. Ban gane muryarsa da farko ba.

Maganar notis ta fita. Tun ranar Alhamis 'yan sashen kaɗi suke shiga su zauna a tsakar masaƙa, ba aiki, ba hayaniya. Sun ce ba mai magana da su sai Ciyaman. Alhaji ya nemi jami'in nan na watan Afrilu, jami'in ya ce masa yanzu ba su san inda Abuja ta dosa ba, gara a zauna da ƙungiya. Waɗanda za su tsaya a ƙofa sun ce ba su da umarni. "Ka sako mini shi a jirgin farko," in ji Alhaji. "Gobe in da hali."

Na hau sama da gudu, na fito da fasfon da tikitin na ajiye a kan gadon Baba. Na ce za mu koma gida.

Ya dube su bai taɓa ba. Ya ce, "Mayar, Ofisa. Dattijo ne ni, kada in yar."

Maganar da Alhaji ya gaya mini ce, kalma da kalma.

"Wata uku aka turo ni duba injuna," in ji Baba. "Ban gama ba."

"Baba, ai an farfasa su."

"To zan duba gutsattsarin."

Na zauna a ƙasa. Ya ce tun kafin a buga biza ya san dalilin tafiyar, Rekiya ma'ajiyar ƙungiya ce ta jiyo. Na ce to me ya sa ya taho. Ya ce, "In na ƙi, ƙin bin umarni ne, a kore ni tun a Mayu, wa zai tambaya? Na bar wa Rekiya abin da zan bari, na ce bari in zo in ga China kafin in mutu. Ga shi na gani, har da masallaci."

Sharaɗinsa ɗaya ne. In ya koma notis yana nan, aikinsa shi ne ya hau benci ya ba ma'aikata haƙuri, shi kuwa ba zai hau ba. Alhaji ya janye notis, ranar ɗaya ga Yuli kowa ya shiga aiki, sannan ya hau jirgi a zauna.

Bai zage ni ba. Ya tambaye ni ko na ci abinci.

Alhamis, 25 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Na isar da saƙon. Alhaji ya ce makaniki ne zai gindaya masa sharaɗi daga China? Ya ce in ban kawo shi kafin talatin ga wata ba, sunana ne zai zama na farko a notis ɗin. Na ce to, ranka ya daɗe.

Injunan ma ban faɗa ba.

Wata ɗaya ina tsoron kada Baba ya tafi. Yanzu ina tsoron ya ƙi tafiya. Mutum ɗaya ne, ɗaki ɗaya, jaka ɗaya.

Juma'a, 26 ga Yuni, bayan saukowa daga masallaci

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun jiya, kogin ya cika ya yi ja. Osmanu ya ce wa Baba, "Laoban, an ce mai kamfani yana roƙonka ka koma, kai kuma meiyou?" Baba ya ce shi ɗalibi ne, ba ya gudun makaranta. Suka yi ta dariya a ƙarƙashin lema ɗaya. Ni ina bayansu, ina tunanin Inna, da ta raba wa maƙwabta goro ranar da na samu aiki.

Litinin, 29 ga Yuni, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Alhaji ya bugo. Baba ya sauko ya zauna a kujerar baƙi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Alhaji ya ce, "Kai yaro, kai da ka karanta dokar nan, gaya mini gaskiya. An canja ta?"

"Ba a canja ba, ranka ya daɗe. Ta 9 da ta 10 suna nan, ba a taɓa ko harafi ba. Kantoma yana kan kujerarsa."

"To me ya sa kowa yake gudu na?"

Na ce ban sani ba. Na ce ba a koya mana wannan ba.

Ina jin fankar ofishinsa, can bayanta kuma wani gunaguni kamar na kasuwa daga nesa. Sai na ji bakina yana cewa, "Akwai wata magana kuma, ranka ya daɗe. Injunan babu. An farfasa su ranar sha takwas ga wata bisa umarnin gwamnatinsu. A gabanmu aka yi. Baba ya gani da idonsa."

"Tun sha takwas ka sani?"

"E, ranka ya daɗe."

"Ni da kai za mu yi magana." Ya ja numfashi. "Ba ni Ciyaman."

Haka ya ce. Ciyaman. Na miƙa wayar. Baba ya tashi a nitse, ya gyara hula, ya ce, "Alhaji, barka da hantsi. Ya iyali?" Sauran maganar ba ta daɗe ba. Ba a soke notis ba, an jingine shi har sai an zauna.

Talata, 30 ga Yuni, da azahar

Ba labari. Baba ya yi barcin rana. Ni na kasa.

Laraba, 1 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Ƙarfe biyu a nan shi ne bakwai na safe a Kano, lokacin shigar 'yan aikin safe. Da rabi muka buga ofishin sashen kaɗi. Sau huɗu layin yana yankewa. A na biyar Rekiya ta ɗauka, muryarta har inda nake tsaye.

"Ciyaman! An shiga, kowa da kowa. Mutum uku ne ba su zo ba, ɗaya ma matarsa ce ta haihu jiya."

"Ƙofa fa?"

"Wayam, sai tsohuwar sanarwar hutun Sallah. Tsaya ka ji."

Ta buɗe ƙofar ofishin ta miƙa kan wayar waje. Baba ya rufe ido ya daɗe yana saurare. Sannan ya ɗora mini a kunne.

Ƙarar kaɗi ce, tamu, ta Sharaɗa, tsofaffin injunanmu masu tari. Ta ratso duk ƙasashen da ke tsakani ta fito a wannan ɗan teburin, yarinyar otal tana kallonmu ba ta san me muke ji ba. Mutum ɗari biyu da talatin da bakwai suna tsaye a kan layukansu, doka kuwa tana nan yadda take. Ban san tsawon lokacin da zai ɗauka ba. Ban san abin da za a yanke in an zauna ba. Na dai ji da kunnena.

Da aka ajiye waya Baba ya dafa kafaɗata. Ya ce, "In Alhaji ya kore ka, ka kawo ƙara wurina."

Na ce masa a doka jami'in ofis ba ɗan ƙungiyarsa ba ne.

Ya ce, "Doka kuma? Je ka nemo mana jirgi."